Kwamfutar da ke yi mini gargaɗi kullum da safe

Wasiƙu uku na ware wannan makon, duk kukansu ɗaya: rubutun da ke tare mutum a allon kwamfuta tun bai fara aiki ba. A ido kamar ciwo ɗaya ne, amma kowanne da inda ya samo asali. Ta farko zan fi daɗewa a kanta, don ita ta fi yawan zuwa shagona.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata a Zariya. Wata biyu ke nan da na kwashi adashe na sayi laftof ta hannu, Dell Latitude, don shigar da makin ɗalibai da buga tambayoyin jarrabawa. Aiki take yi lafiya lau. Sai dai duk sanda na kunna ta, bayan ta gama 'yan juye-juyenta, kafin ta kai ni wurin sa kalmar sirri, sai wani dogon Turanci ya cika allon. A sama an rubuta "WARNING", a ƙasa an ce kwamfutar mallakin wani kamfani ce a Ingila, wai duk wanda ya taɓa ta ba izini ya karya doka, har da sunan wata doka ta 1990. Sai na danna OK take wucewa. Maigidana ya ce kayan sata aka sayar mini, in daina haɗa ta da intanet kada a biyo sawuna. Mai shagon kuma ya ce ba komai, haka 'yan Landan suke zuwa. Yanzu har kunyar buɗe ta nake a ofishin malamai. Yaya zan yi in rabu da wannan rubutu?
Malama, daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, wannan rubutu ba shi da ido ba shi da kunne. Bai san sunanki ba, bai san Zariya ba, kuma danna OK ɗin da kike yi ba ya aika wa kowa saƙo. Layi biyu ne kacal da aka ajiye a cikin Windows, ɗaya take ɗaya bayani, aka umarce shi ya riƙa nuna su kafin kowa ya shiga. Kamar dai "Ba a shiga" ɗin da ake rubutawa da fenti a ƙofar gida: mai gida ya tashi ya koma wata unguwa, fentin na nan. Dokar da kika gani kuwa ita ce Computer Misuse Act, wadda Burtaniya ta kafa a 1990 don hukunta masu kutsen kwamfuta. Lauyoyin kamfanoni ke ba da shawarar a manna irin wannan gargaɗi, saboda in an kama wani ya yi kutse kada ya ce a kotu ba a faɗa masa ba.

Mai shagonki ya faɗi rabin gaskiya. Manyan kamfanoni a Turai da Amurka sukan sauya kwamfutocin ma'aikatansu bayan shekara uku ko huɗu, su sayar da tsofaffin a dunƙule ga dillalai, a loda kwantena zuwa Legas, daga Ikeja su watsu zuwa Kano da Kaduna da sauran garuruwanmu. Da yawa daga cikin Latitude da ThinkPad da EliteBook da kike gani a hannun ɗalibai ta wannan hanya suka iso, kuma halal ɗinsu suka zo. Rabin da bai faɗa miki ba shi ne, a ƙa'ida kafin kwamfuta ta bar kamfani ana share rumbunta, wato ma'ajiyar bayananta, tas. Tunda gargaɗin na nan daram, ke nan ba wanda ya share ta. Windows ɗin da kike aiki da shi na kamfanin ne, buɗe miki wata ƙofa kawai aka yi a gefe aka sa sunanki. Wannan shi ya fi damuna, ba rubutun ba. Zan dawo kansa, bari mu fara goge fentin.

Ki danna madannin da ke da tambarin Windows tare da harafin R lokaci guda. Wani ɗan akwati zai fito a ƙasa ta hagu. Ki rubuta secpol.msc ki danna Enter. Kwamfutocin kamfani yawanci da Windows Pro ko Enterprise suke zuwa, don haka ina sa ran zai buɗe miki. A ɓangaren hagu ki danna "Local Policies", a ƙarƙashinsa ki zaɓi "Security Options". Dogon jeri zai bayyana a dama, kada ya razana ki. Ki gangara sai kin iso layukan da suka fara da "Interactive logon". Biyu daga cikinsu muke nema: mai cewa "Message title for users attempting to log on" da mai cewa "Message text for users attempting to log on". Ki danna na farko sau biyu, za ki ga WARNING ɗin nan zaune a cikin akwati. Ki goge shi ki danna OK. Ki yi wa na biyu haka, a nan za ki tarar da dogon Turancin gaba ɗaya. Sai ki sake kunna kwamfutar.

In kuwa kin rubuta secpol.msc ta ce ba ta san shi ba, to Windows Home ne a kanta, shi ba ya zuwa da wannan ƙofa. Sai mu bi ta rajista, wato kundin da Windows ke ajiye saitinsa. Windows da R kamar ɗazu, ki rubuta regedit, in ta nemi izini ki ce Yes. Kafin ki taɓa komai ki je "File" ki zaɓi "Export" ki ajiye kwafe, don in hannu ya goce a sami abin komawa. Daga nan ki riƙa buɗe ɗakunan ɗaya cikin ɗaya: HKEY_LOCAL_MACHINE, sai SOFTWARE, sai Microsoft, sai Windows, sai CurrentVersion, sai Policies, sai System. A dama za ki ga legalnoticecaption da legalnoticetext. Ki buɗe kowanne, ki goge abin da ke cikinsa, ki bar shi wayam. Abin da ke ciki za ki goge, shi layin ki bar shi a wurinsa. Wasu tsofaffin ma'aikatan kwamfuta sukan ajiye rubutun a wani lungu dabam, ƙarƙashin Windows NT, CurrentVersion, Winlogon, da waɗannan sunaye biyu. In kin tarar na farkon ba komai a ciki amma gargaɗin na fitowa, can za ki leƙa.

Ina roƙonki abu ɗaya: in kin shiga rajista, layukan nan biyu kaɗai suka kai ki. Na sha ganin wanda ya shiga cire gargaɗi, ya hango wani suna da bai yi masa ba ya goge, washegari ya zo da kwamfuta a leda ba ta tashi. Garin neman gira aka rasa ido. Idan kuma ta hana ki shiga wuraren nan kwata-kwata, ta ce sai mai iko, to asusun da aka buɗe miki na ɗan haya ne ba na mai gida ba, wannan kuma mai shago ne zai amsa tambayarsa.

Yanzu mu koma kan abin da na ce ya fi damuna. A kasuwar dabbobi in mutum ya sayi akuya, ba biyan kuɗi ne ƙarshen ciniki ba, sai an miƙo masa igiya. Kwamfutar kamfani ma da igiyarta. Da can igiyar gajera ce, sai kwamfuta na cikin ginin kamfanin take karɓar umarni daga babbar na'urarsu. Yanzu ta intanet ake riƙe su, galibi da wata manhajar Microsoft mai suna Intune. Daga ofishinsa a Ingila ma'aikaci ɗaya zai iya sa wa kwamfuta dubu doka, ya girka musu manhaja, ya kuma share duk wadda ya ga dama da danna abu ɗaya. To a nan maigidanki yana da tasa gaskiyar, duk da ba ta inda yake zato ba. Ba 'yan sanda nake jiye miki ba. Abin da nake jiye miki shi ne wata rana wani yaro a can ya zauna yana tsabtace jerin tsofaffin na'urorinsu, ya ga taki har yanzu tana leƙowa, ya aika mata umarnin sharewa, ke kuma makin aji shida na zangon karatu guda yana ciki.

Ga yadda za ki gane ko igiyar na nan. Ki shiga "Settings", sai "Accounts", sai "Access work or school". In kin ga sunan kamfanin ko wani adireshin imel da ba naki ba, to ana riƙe da ita. Wata alamar mai sauƙi: kin goge rubutun ya tafi, kin haɗa intanet, bayan kwana ɗaya ko biyu ya dawo. Ba aljani ba ne, umarnin kamfanin ne ya sake sauka. Mu a shago mukan buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni mu sa dsregcmd /status, mu duba layin AzureAdJoined da na DomainJoined. In duka biyu sun ce NO, alhamdu lillahi. In ɗaya ya ce YES, an kashe maciji ba a sare kansa ba. A shafin nan na Settings akwai wurin da aka rubuta "Disconnect", amma kada ki yi saurin danna shi sai kin tabbata kina da asusunki na kanki mai cikakken iko a kan kwamfutar, in ba haka ba ki kulle kanki a waje.

Da ƙanwata ce ke, ga abin da zan ce ki yi. Ki kwashe duk takardunki a filash yau ɗin nan, kafin ki taɓa komai. Sannan ki kai ta a share rumbun gaba ɗaya a sa sabon Windows, wanda aka sauko da shi daga shafin Microsoft kai tsaye. Filash mai gig 8 ya isa aikin. Kada ki yarda da irin faifan da wasu ke yawo da shi wanda aka cusa wa manhajoji arba'in. Batun lasisi ba abin damuwa ba ne: tun zamanin Windows 8, wato 2012, masu ƙera kwamfuta ke dasa lambar lasisin a cikin bod, wato babban allon da ya haɗa sassan cikin kwamfuta, sabon Windows da kansa yake karanto ta. Da an yi wannan, gargaɗin da duk tarkacen kamfanin da ke gudu a ɓoye sun tafi tare.

Amma ki tsaya a kansu lokacin da ake yi, ki kuma ce lallai a haɗa ta da intanet a daidai lokacin da sabon Windows ke tambayar ƙasa da harshe. Ki kunna musu datar wayarki in sun ce ba su da ita. Dalili shi ne akwai wata igiya ta biyu da ake kira Autopilot. Kamfani kan yi wa kowace kwamfutarsa rajista a wurin Microsoft da wata shaida da aka haɗa daga sassan jikinta, kamar zanen yatsa. Ko an canza rumbu, da zarar sabon Windows ya ji intanet sai ya tambaya ko wannan na'ura tana da mai ita. In tana da shi, sai ki ga allon ya yi miki maraba da sunan kamfanin, ya nemi imel ɗin ma'aikaci. Wasu yaran shago sun san haka, shi ya sa suke tsallake wurin ba intanet, su miƙa wa mai saye, shi kuma sai ranar da ya zo sake Windows zai ga ta kansa. Wannan rajista ba a hannuna take ba, ba ta hannun kowane mai gyara a Kano. Kamfanin da ya yi ta shi ke cire ta. In ta fito miki, ki ɗauki hoton allon, ki ɗauki rasiɗinki da maigidanki, ku koma shagon a canza miki wata. Wata biyu ba su yi yawa ba ga mai shagon da yake son a sake dawowa wurinsa.

In kuwa ta wuce wurin nan sumul ta tambaye ki sunanki, to akuya da igiya duk sun zama naki. Ki buɗe ta a ofishin malamai ki ɗaga allon yadda kike so.

TAMBAYA: Oga, barka da aiki. Shekarata ɗaya ina koyon gyaran kwamfuta a Jos. An kawo mana guda biyu sun gagare ni. Ta farko HP EliteBook ce, da an kunna ta, a kan tambarin HP ɗin nan, sai layi ɗaya ya fito da sunan wata makaranta ta Amurka. Na yi mata fomat sau uku, na ma canza rumbu, yana nan. Ta biyu ThinkPad ce, in na danna F1 zan shiga bayos sai ta fito da saƙo wai Computrace na tsaron ta. Wani abokina ya ce in cire batirin bod na minti goma duk za su goge. Maigidana ya yi tafiya. Me ka gani?
Almajirinka, daga Jos

AMSA: Ƙanena, sannu da ƙoƙari, amma ka tausaya wa wannan HP haka nan. Ka riƙe wannan, zai rage maka wahalar shekaru: kafin ka ɗauki sukundireba, ka lura da lokacin da saƙo ke fitowa. In bayan ɗigogin Windows sun gama zagaye ne, kamar na Malamar Zariya, a rumbu yake, fomat na kashe shi. In kuwa tun kan tambarin mai ƙera kwamfutar ne, Windows bai ko farka ba, to a bod yake zaune, cikin ɗan guntun da ke riƙe da bayos, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows. Ko rumbu goma ka canza yana kallonka.

Na HP ɗin mai sauƙi ne. Suna kiransa "Ownership Tag", wato shaidar mai kaya, kamar tambarin da ake ɗora wa saniya a cinya. Ka kunna ta kana ƙwanƙwasa Esc, sai F10. Ka nemi "System IDs", a wasu yana ƙarƙashin Main, a tsofaffi ƙarƙashin Security. Ka goge abin da ke layin, ka adana ka fita. Aikin minti biyu ne, in dai makarantar ba ta sa wa bayos ɗin kalmar sirri ba. In ta sa, za ka ga layin ya dushe ba ya taɓuwa. A nan shawarar abokinka ba za ta yi aiki ba. Cire ɗan batirin nan CR2032 yana goge kalmar sirri a tsofaffin kwamfutocin tebur, shi ya sa maganar ta bazu. Laftof ɗin kamfanoni kuwa a wurin da ba ya buƙatar wuta suke ajiye ta. Abin da kawai za ka samu shi ne agogo ya rikice, HP ta ƙaro maka sabon saƙo mai lamba 502 cewa bayanan CMOS sun lalace. An sayar da kare an sayi biri.

ThinkPad ɗin ce mai nauyi. Computrace tsohon suna ne na wata manhajar wani kamfani da aka kafa a Vancouver ta Kanada, sunansa Absolute. Sun yi yarjejeniya da Dell da HP da Lenovo da wasu aka dasa musu iri a cikin bayos tun daga masana'anta. A mafi yawan kwamfutoci irin nan barci yake, ba ya yin komai. In mai kwamfuta ya biya kuɗi aka tashe shi, to duk sanda aka sa sabon Windows sai ya sake shuka kansa a ciki, ya riƙa kiran gida ta intanet. Ka buɗe Task Manager, mai nuna manhajojin da ke aiki, ka duba, za ka iya ganin rpcnet.exe na gudu. Da shi mai kaya zai iya sanin inda take, ya daskarar da ita da saƙo a allo, ko ya share ta. Don maganin ɓarayi aka yi shi, saboda haka da gangan aka hana a kashe shi daga cikin bayos bayan an tashe shi.

Na san akwai masu cire guntun bayos su sake rubuta shi da na'ura. Ba zan koya maka wannan a nan ba, kuma ban ba ka shawarar ka fara ba. Kwamfutar da ba ka san tarihinta ba, in ka goge mata shaidar tsaro da hannunka, ranar da magana ta tashi kai ne a tsakiya, wanda ya kawo ta ya ɓace. Hanyar da ta dace ita ce mai ita ya kwafi lambar jikinta da ke ƙasa, ya tuntuɓi Absolute ta shafinsu da rasiɗin saye. Su ke iya duba ko an kai rahoton sata a kanta, su ke da ikon sakinta. In ya ƙi yin haka ko ya fara kame-kame, ka miƙa masa kayarsa cikin mutunci ka jira maigidanka.

Tunda ka fara shiga bayos, bari in ba ka labarin wautata, ko ka tsira daga irinta. Wata shekara wani ɗalibin jami'a ya kawo mini laftof, saura kwana huɗu ya miƙa kundinsa na kammala karatu. Ƙorafinsa ɗan ƙarami ne, ba ta ganin filash in ana so ta tashi daga kansa. Na shiga bayos na kashe wani saitin tsaro mai suna Secure Boot, ina hira ina kurɓar shayi. Ina sake kunnawa sai ga shuɗin allo: BitLocker, a sa mabuɗi mai lamba 48. Na ce masa ina mabuɗinka? Ya ce wane mabuɗi? Gumi ya karyo mini a cikin sanyin hunturu. Shi BitLocker kulle rumbu yake yi, kuma ɗan guntun tsaro da ke kan bod, TPM, yana lura da yadda kwamfuta ta saba tashi. Da ya ga an canza tsari sai ya ɗauka ɓarawo ne ya ƙi sakin mabuɗi. Sau da yawa in ka mayar da saitin yadda yake sai ta haƙura, amma ni rannan na riga na taɓa abubuwa uku ko huɗu, na kasa tuna yadda na same su. Muka wuni muna buga waya. Sai bayan magariba aka samo yayansa, wanda shi ya fara buɗe kwamfutar da imel ɗinsa. Ya shiga asusunsa na Microsoft, a shafin na'urori ya tarar da mabuɗin a ajiye, ya karanto mana shi a waya, shida-shida har gida takwas. Tun daga ranar ba na taɓa layi ɗaya a bayos sai na ɗauki hotonsa da waya, kuma sai na shiga Windows na duba ko rumbun a kulle yake, in a kulle yake in dakatar da BitLocker tukuna. Ka kula sosai yanzu, domin sabon Windows 11 yakan kulle rumbu da kansa da zarar mutum ya shiga da asusun Microsoft, mai kwamfutar ma bai sani ba.

TAMBAYA: Injiniya, Allah ya ƙara basira. Yarona ya yi kallon ƙwallo a kwamfutar da nake lissafin shago da ita. Tun daga nan da na kunna ta na shiga, sai allo ya rufe da ja da shuɗi, wata murya ta mace tana ta magana da Turanci, an ce ƙwayar cuta ta kama ta, Microsoft ta kulle ta, in kira wata lamba kada in kashe. Ban kira ba saboda lambar ta waje ce. Shin in kira?
Alhaji, daga Katsina

AMSA: Ranka ya daɗe, tsadar kiran waje ta yi maka rana. Kada ka kira. Microsoft da kanta ta sha faɗa cewa saƙonninta na gargaɗi ba sa ɗauke da lambar waya. 'Yan damfara ne. Wanda ya kira, sai su lallaɓe shi ya girka wata manhaja da za ta ba su damar juya kwamfutarsa daga nesa, daga nan sai neman kuɗin gyara da leƙen asusun banki.

Abin da kake gani shafin intanet ne kawai da ya baje ya rufe allo, yana dawowa ne saboda burauzar na tashi da kanta tana buɗe inda aka tsaya. Ka cire intanet tukuna. Ka danna Esc ka riƙe na 'yan daƙiƙu, ko F11, allon zai koma daidai. In ya ƙi, ka haɗa Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe, ka zaɓi Chrome ko Edge, duk wadda yaron ya yi amfani da ita, ka danna "End task". In ka sake buɗe ta za ta tambaya ko ta maido da shafukan da aka rufe, ka ce a'a. Sannan a cikin saitinta ka nemi "Notifications", ka cire duk shafin da ba ka sani ba daga jerin waɗanda aka ba izini, don a nan masu shafukan ƙwallon kyauta ke samun ƙafar shiga. A Task Manager ɗin dai akwai shafin "Startup", ka kashe duk baƙon suna da ka gani. Daga ƙarshe ka buɗe Windows Security, wanda yake cikin kwamfutar tun asali, ka sa ya yi cikakken bincike, ka bar ta a caji ta kwana tana yi.

Shi kuma yaron, Alhaji, kada a yi masa faɗa da yawa. A buɗe masa asusunsa dabam marar iko a kan kwamfutar, littafin shago kuma a sa masa kalmar sirri, a riƙa kwafe shi a filash duk ranar Juma'a kafin a rufe shago.